Me ya sa farar shadda take fitowa yalo a hoto? Fashin baƙi kan saitin WB

Ƙorafi biyu ne ba sa ƙarewa tsakanin masu hoton biki da masu saida kaya a waya. Amarya ta ga hotunan dinarta ta ce an maida ta jawur, ko fuskar ta yi wani toka-toka duk kuɗin da ta kashe wajen mai kwalliya ya tashi a tutar babu. Ita kuma kastoma a kai mata leshi har gida ta buɗe leda ta ce wallahi ba wannan kalar ta gani a sitatus ba, a dawo mata da kuɗinta. Galibi kyamara ake ɗora wa laifin, a ce ta tsufa ko len ɗin ne ba mai kyau ba, wani har ya shiga adashen sayen sabuwa, alhali matsalar tana wajen wani ɗan saiti da aka rubuta WB a jikinsa, wayit balans kenan, wanda da yawa tun ranar da aka ɓare kyamarar daga kwali yana kan oto ba a taɓa leƙa shi ba.

Abin da ya kamata mutum ya fara yarda da shi shi ne haske yana da kala. Kowanne kuwa. Hasken rana da hantsi daban, na la'asar sakaliya daban, na inuwar bango daban, na ƙwan lantarki irin na da mai zafin nan daban, na dogon ƙwai na ofis daban. Abin da ya sa ba ma lura, ƙwaƙwalwarmu ce take mana gyara ba tare da mun roƙe ta ba. Ka san rigar liman fara ce, to ko da azahar ka gan shi ko a ƙarƙashin fitilar masallaci bayan isha'i fara za ka gani, don ƙwaƙwalwa ta riga ta cire kalar fitilar daga lissafi. Wanda ya daɗe a intanet zai tuna rigar nan da ta raba kan jama'a a 2015, wasu na rantsuwa fara ce da ruwan gwal wasu na cewa shuɗiya ce da baƙi. Ba sihiri ba ne, ƙwaƙwalwar kowa ce ta yi hasashen irin hasken da ke kan rigar ta cire shi, sai hasashen ya sha bamban. A zahiri dai shuɗiya ce da baƙi.

Ita kyamara ba ta san liman ba, balle rigarsa. A kan sensarta akwai miliyoyin ƙananan matatai, ja da kore da shuɗi, rabinsu kore ne sauran rabin aka raba wa ja da shuɗi, tsarin da wani ma'aikacin Kodak mai suna Bryce Bayer ya fito da shi a shekarun 1970. Aikinta kawai ta ƙirga ja nawa ya shigo, kore nawa, shuɗi nawa. In fitilar ɗakin ta fi zubo ja da yalo, farar riga za ta maido ja da yalo, kyamara kuma ta rubuta abin da ta gani ba ruwanta. To saitin WB shi ne inda kake ce mata hasken nan mai ja ne, rage ja ki ƙara shuɗi har fari ya koma fari. Iya aikinsa kenan. Amma in fari ya zauna daidai sauran kaloli duk sai su bi shi su zauna, in ya karkace duk su karkace, har da fatar mutum da lallen hannun amarya.

Yanzu maganar lambobin nan masu K a ƙarshe da ake gani a cikin saitin WB. Kelbin ne, ma'aunin zafi da aka sa wa sunan Lord Kelvin, masanin kimiyya na Birtaniya da ya kawo shi a 1848. In ka taɓa tsayawa a maƙera ka ga an tura ƙarfe cikin wuta ana zuga, zai fara yin ja mai duhu, ya koma ruwan lemo, ya koma yalo, in aka ci gaba da zuga ya yi fari, kuma da zai jure zafin da ya fi haka da sai ya karkata shuɗi. Da wannan aka auna kalar haske, wato hasken nan ya yi daidai da kalar abin da aka gasa zuwa zafi kaza. Shi ya sa ƙaramar lamba ja ce, babbar lamba shuɗi. Kyandir da aci-balbal suna wajen 1800 zuwa 2000. Ƙwan lantarki na da wajen 2700, fitilun sitidiyo masu zafi 3200. Dogon ƙwai wajen 4000 amma shi akwai magana a kansa. Tsakar rana 5200 zuwa 5600, filash ma nan kusa. Ranar da hadari ya rufe 6000 zuwa 6500. Inuwa kuma a ranar da sama ta yi garau 7000 har 8000, wani lokacin sama da haka, saboda wanda ke inuwa ba rana ce ke haska shi ba, shuɗin sama ne.

Ga inda kan mutane yake ɗaurewa. Ka ce babbar lamba shuɗi ce, amma in na murɗa K a kyamara zuwa 8000 sai hoton ya yi ja, in na sauke 3000 ya yi shuɗi, ya aka yi haka? Ai lambar da kake sawa ba kalar da kake so hoton ya zama ba ce, labarin hasken wurin kake ba kyamara. Ka ce mata 8000, ta ce to ashe shuɗi ya yi yawa a nan bari in zuba ja in kashe shi. In da gaske kana inuwa sai abin ya yi daidai, in kuma kana ƙarƙashin ƙwan lantarki ka yi mata ƙarya, ja ya hau kan ja. Don haka a aikace abu ne mai sauƙi, hoto ya yi yalo ko ja sauke lamba, ya yi shuɗi ɗaga lamba.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, tazarar lambobin ba ɗaya ba ce a ido. Daga 3000 zuwa 3500 canji ne babba da kowa zai gani, amma daga 6500 zuwa 7000 da ƙyar ka bambance, duk da 500 ce a duka biyun. In aka yi lissafin yadda masu harkar fitilu suke yi, wato a raba miliyan ɗaya da lambar, na farkon ya ninka na biyun wajen sau huɗu. Ma'ana a waje kana da sarari ko ka kuskure da 300 ba wanda zai kama ka, amma a cikin ɗaki da dare 200 ma tana iya maida farin mayafi ruwan madara. A nan ne ake tafiya da ɗari-ɗari.

To me ya hana a bar shi a oto, AWB, a huta? A gaskiya oto na kyamarorin yanzu ba laifi, a waje da rana zai yi maka daidai mafi yawan lokuta, ni ba na cikin masu cewa duk mai amfani da oto bai iya aiki ba. Matsalarsa hasashe yake yi. Tushen hasashen kuwa shi ne in aka cakuɗa duk kalolin da ke cikin hoto ya kamata su tashi ruwan toka, sannan yana laluben wurin da ya fi haske ya ɗauka fari ne. Yanzu kawo shi wajen kamu inda ƙawaye ashirin suka yi ankon jar atamfa, ga jar darduma, ga labulen ado ja. Sai ya ce kai, ja ya yi yawa a nan lallai fitila ce, ya zuba shuɗi da kore don ya gyara abin da ba ɓace yake ba, fuskoki su fito a ɗashe. Ka juya ka ɗauki iyaye a jikin koren bango ya koma ɗaya ɓangaren. Ɗaki ɗaya, fitila ɗaya, amma hoto goma kala goma, kai kuma ka kwana a gaban kwamfuta kana bin su ɗaya bayan ɗaya. A bidiyo abin ya fi muni don a tsakiyar ɗauka zai canza ra'ayi, ango na tafiya rigarsa na rikiɗa daga fari zuwa yalo zuwa shuɗi-shuɗi, kuma wannan gyaransa a editin azaba ne. Shi ya sa a ganina babban amfanin fita daga oto ba wai samun kala ta ƙarshe ba ne, samun kala ɗaya da ba ta motsi ne. Ko da ka ɗan kuskure, in duk hotunan kuskure ɗaya suka yi, gyara ɗaya ya ishe su.

A waje abin bai da wuya. A saitin WB zaɓi alamar rana, ko ka sa 5200 zuwa 5500, ka manta da shi daga hantsi har bayan azahar. In ka ja mutane inuwa, wanda dole ne a zafin nan namu don ba mai tsaya maka a rana yana murtuke fuska, sai ka ɗaga. A Canon alamar gida mai inuwa 7000 ce, a Nikon 8000, ni dai sau da yawa ina ganin 8000 ta yi wa fatarmu yawa tana sa ta ja sosai, na fi tsayawa 6000 zuwa 6500 in duba. Lokacin hunturu da hazo ya rufe sama shuɗin nan yana raguwa, inuwar ba ta kai ta damina shuɗi ba, don haka lambar da ta yi maka a watan Satumba ba lallai ta yi a Janairu ba.

Sai dai inuwa ma kala-kala ce, kuma a nan ne masu hoton ɗaurin aure suke shan wuya. Kanofi. Rana ta bugi tamfol mai kore da fari ko ja da yalo, hasken ya ratso ya sauka a kan manyan riguna, sai ka ga duk dattawan da ke sahun gaba sun yi kore-kore. Ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro haka, ganye ne ke tace hasken. Ga jar ƙasa da bangon da aka yi wa jan fenti suna maido ja daga ƙasa zuwa haɓa da wuya. Irin wannan lambar K kaɗai ba ta maganinsa, don K layi ɗaya take bi, daga ruwan lemo zuwa shuɗi. Akwai layi na biyu, daga kore zuwa ruwan hoda mai duhu, wanda a menu za ka ga wani ɗan akwati mai A da B a gefe da gefe, G da M sama da ƙasa. Hoto ya yi kore matsa wajen M, ya yi ruwan hoda matsa wajen G. Mutane da yawa ba su san da wannan akwatin ba, su yi ta murɗa K sama da ƙasa suna mamakin me ya sa koren ya ƙi fita.

Da yamma kuma labarin ya juya. Hasken bayan la'asar zuwa gab da magariba ja ne mai kyau, shi ne ma abin da ya sa hotunan Hawan Daushe suke ɗaukar ido, ƙura ta tashi rana ta ratsa ta ta sauka a kan rawuna da kayan doki. In ka bar oto zai ga wannan jan a matsayin cuta ya wanke shi tas, hoton ya fito salam. Nan ba gyara ake so ba, bari ake so. Ka bar shi a alamar rana, ko ma gajimare in kana son ƙarin ɗumi. Ba kowane haske mai kala ake kashewa ba, wani shi ne hoton.

Cikin ɗaki ne ainihin ciwon kan. Ƙwai irin na da mai zare, sa 2800 zuwa 3200, amma ka sani shi kalarsa tana bin ƙarfin wuta, in wuta ta yi ƙasa ya dushe to ya ƙara ja kenan, in aka koma janareto ya sake canzawa, sai ka sake dubawa. Ƙwan LED da ya cika gidaje yanzu, duba kwalinsa ko gindinsa galibi an rubuta, 6500K ko 3000K, farin nan mai kashe ido shi ne 6500. Amma rubutun ba alƙawari ba ne musamman masu arha, biyu daga kwali ɗaya ma sai ka ga ɗaya ya fi ɗaya kore. Dogon ƙwai shi dama da korensa yake zuwa, dole sai an haɗa da M. Kuma yana da wata ɗabi'a, wutarmu 50 take bugawa a daƙiƙa, fitilar tana ƙyaftawa sau 100, ido ba ya gani amma in shotarka, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, ta yi sauri irin 1/500 na daƙiƙa kowane hoto wani yanki na ƙyaftawar yake kamawa, wannan ya fito kore wancan ruwan hoda, wani ma rabi da rabi. Mutum ya yi ta zargin WB alhali shota ce. Sauke ta 1/100 ko 1/50 abin ya lafa. Wasu kyamarorin suna da saitin hana ƙyaftawa, Canon ta fara sa shi a 7D Mark II a 2014, in taka tana da shi kunna.

Sai hol ɗin biki, inda ake tara duka a wuri ɗaya. Silin farin LED, fitilun ado na kan teburi da bayan kujerar amarya masu yalo, a jikin bango an jera masu fafal da ruwan hoda, ga na DJ suna yawo, ga mai bidiyo da tasa a kan sanda, kai kuma ga filash ɗinka. Magana ta gaskiya, babu lambar da za ta gyara wannan. Babu. Saitin WB lamba ɗaya yake ba hoto gaba ɗaya, in haske biyu masu kala daban suna cikin hoton to ɗaya zai zauna ɗaya ya karkace, zaɓi ne kawai wanne. Amsar kuma kullum ita ce hasken da ke kan fuska. Bango ya yi fafal ba komai, ai don haka aka biya mai ado, amma fuskar amarya ba ta yi ba. Don haka aikin ba a menu yake farawa ba, a tsaye kake kallon wace fitila ce take dukan fuskar. In za ka iya sa naka hasken ya rinjayi na hol a kan fuska, wato filash ko fitilar bidiyo a kusa, to ka saita WB a kan naka, 5500 ko alamar walƙiya, sauran su zama ado a baya. In ana yanka kek ko ana liƙi fitilar DJ mai kore tana bi ta kan fuskoki, ka je ka roƙe shi ya kawar da ita na minti biyu, ya fi maka awa uku a editin.

Inda filash yake ba da matsala shi ne ɗakin da duk fitilunsa yalo ne. Ka harba filash, mutum ya fito daidai amma bayansa ya zama ruwan lemo sosai, in ka sauke K don ka gyara bayan sai mutumin ya koma shuɗi. Maganin wata 'yar leda ce ruwan lemo da ake manna wa a bakin filash, jel ake ce mata, a jiki za ka ga CTO, akwai cikakkiya akwai rabi akwai kwata. Cikakkiyar tana sauko da filash daga wajen 5500 zuwa wajen 3200, ka ga yanzu shi da fitilun ɗakin sun zama abu ɗaya, sai ka sa kyamara a 3200 komai ya zauna tare. Akwai korenta don dogon ƙwai. Masu fitilar bidiyo mai maɓallin 3200 zuwa 5600 su ba sa buƙatar leda, murɗawa kawai za su yi har ta yi kama da ta ɗakin. Haka in amarya na shiri a ɗaki da rana, ga taga ga ƙwai a kunne, kashe ƙwan kawai ka juyar da ita wajen taga. Kashe fitila ɗaya ya fi kowane saiti aiki.

In ka shiga wurin da ka rasa gane kan fitilunsa, auna. Ana saida ɗan kati ruwan toka don wannan aikin, ka ba mutum ya riƙe a daidai fuskarsa yana kallon inda za ka tsaya, ba a kan cinyarka a bakin ƙofa ba, don hasken can daban ne. A Canon ka ɗauki katin ya cika tsakiyar hoto, in fokos ya ƙi kamawa maida len ɗin MF, wato fokos na hannu, sai ka shiga menu wajen Custom White Balance ka zaɓi hoton, sannan, kuma wannan ne ake mantawa, ka koma WB ka zaɓi alamar kostom ɗin, in ba haka ba ba abin da ya canza. A Nikon PRE ne, a manyansu ka danne maɓallin WB har PRE ya fara ƙyaftawa ka ɗauka, in ta karɓa ta rubuta Good, in haske ya yi yawa ko ya yi kaɗan ta ƙi. Sony ma akwai, ka saita ɗan da'irar a kan katin ka danna. Amfanin awo a kan murɗa K shi ne yana gyara layi biyun nan lokaci ɗaya, har koren.

In ba kati fa? Farar takarda za ta yi maleji, amma a yi hattara. Takardar fotokwafi ana sa mata sinadarin da ke sa ta ƙara haske, a ido fara ce tas amma a kyamara ta ɗan karkata shuɗi, in ka auna da ita hoton zai ɗan yi yalo. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne aunawa da rigar ango. Farar shadda da yadin da suka sha bula a wajen wanki shuɗi ne a ɓoye, ai don haka ake sa bular, ta danne dafewar yadi ido ya ga fari ƙal. Ka auna da ita, kyamara ta zuba yalo don ta kashe shuɗin, rigar ta yi daidai sauran jama'a duk su yi yalo. Sannan kar farin ya ƙone, in haske ya cika shi har ba a ganin komai a jiki to ba bayanin kala a ciki, ba abin da za ta auna.

Za ka ji wasu na cewa ai ni RAW nake ɗauka, WB ba matsalata ba ce. Da gaskiyarsu rabi. A RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto kamar yadda sensa ta ɗauko shi, ba a riga an gasa kalar cikin hoton ba, a manhajar gyaran hoto ta Lightroom sai ka ɗauki ɗan tsinken nan ka taɓa katin ko wani abu ruwan toka, ko ka ja Temp da Tint, ba abin da hoton zai rasa, kuma ka kwafe saitin ka zuba wa sauran ɗari uku a lokaci ɗaya. Amma RAW ba ya raba haske biyu da suka haɗu a fuska ɗaya, rabin fuska yalo rabi shuɗi sai dai ka bi da buroshi. Kuma in kana cikin masu buga hoto nan take a wajen biki ko masu tura wa mutane a waya kafin a tashi, JPEG kake bayarwa, wato hoton da kyamara ta riga ta gasa masa kala, abin da ka saita shi ne. JPEG in ka matsa masa da gyara mai yawa kalar fata ce take fara fashewa. Bidiyon yawancin kyamarorinmu ma haka yake, a wurin ake gyara shi.

Maganar fata kuwa sai an ɗan yi hukunci da ido. Kati zai ba ka fari na lissafi, amma sau da yawa in ka bi shi ɗari bisa ɗari baƙar fata da wankan tarwaɗa suna fitowa a ɗan sanyaye, ba jini a jiki. Ni nakan ƙara 200 ko 300 a kan abin da awo ya ba ni, in kuma ɗan matsa M kaɗan, don kore shi ne babban abokin gabar fatarmu, ɗan kaɗan ya shiga sai mutum ya yi toka. Amma kar a zarce, wannan jan da wasu ke zubawa har haƙora da farin ido su yi yalo ba kyau ba ne. Farin ido da haƙori ma wurin dubawa ne mai kyau in kana shakka. Akwai kuma inda ba laifin saiti ba ne sam, fitilar ce ba ta da jan a cikinta. LED mai arha yana iya zama fari a ido amma wani yanki na ja babu shi, to abin da fitila ba ta fitar ba fata ba za ta maido ba. Shi ya sa in za ka sayi fitilar aiki ka duba CRI a jiki, wato ma'aunin yadda fitila ke fito da kaloli daidai, 95 zuwa sama ake nema. Fitilun titi na da masu ruwan lemo su ne ƙarshen misali, kusan kala ɗaya tal suke fitarwa, duk yadda ka murɗa ba za ka samu kalar atamfa a ƙarƙashinsu ba.

Masu saida atamfa da leshi da shadda, ko a Kantin Kwari kuke ko daga ɗaki kuke sana'arku, naku ya fi na kowa tsanani don ku kalar ce kayan. Hajiya, in kin ɗauki leshi ruwan albasa a ƙarƙashin ƙwan ɗaki da dare, wayar za ta yi hasashenta, kuma tunda yadin ne ya cika hoton gaba ɗaya za ta ɗauka kalarsa kalar fitila ce ta rage ta, ruwan albasa ya koma wani abu tsakanin toka da ruwan hoda. Ki fito da shi baranda ko bakin ƙofa da safe inda rana ba ta dukansa kai tsaye, ki kashe ƙwan, ki ajiye farar takarda a gefensa cikin hoton don wayar ta samu abin kamawa, daga baya ki yanke ta. Wayoyin Samsung da Tecno da Infinix da yawa suna da Pro a cikin kyamara, a nan za ki ga WB ki sa lamba da hannu ki bar ta a wurin. iPhone kyamararsa ba ta ba da lambar K, amma tun iOS 17 akwai wajen kulle WB na bidiyo a cikin saitin kyamara, kuma manhajar Blackmagic Camera kyauta ce tana ba da lambar. Kafin ki tura, ki ɗora wayar a kan yadin ki kalli biyun tare, amma ki tabbata saitin kare ido na dare a kashe yake, don shi yalo yake zuba wa sikirin. Ita ma kastomar in nata a kunne yake wata kalar za ta gani, yana da kyau a tambaye ta kafin a fara musu.

In ku biyu ne ko uku kuke aiki a biki ɗaya, ku haɗu kafin a fara ku auna da kati ɗaya a wuri ɗaya. Kar ku ce kowa ya sa 5200 shi kenan, 5200 ɗin Canon da ta Sony ba sa fitowa iri ɗaya, ko Canon biyu ma in len ɗinsu daban ne akan samu ɗan bambanci. Kuma duk wanda ya sa kostom ko 3200 a cikin hol ya tuna ya maida shi kafin a fito rakiyar motoci ko washegari wajen walima, in ba haka ba hotunan farko na waje duk shuɗi za su fito.